Teku a Labarin Mahamman Gado Bakwakwa (1854): Abin da Matafiyi Ya Gani da Abin da Aka Hana Shi Gani

1. Gabatarwa

Labarin tafiya a al'adar Hausa labarin tudu ne. Matafiyi yakan lissafa zango bayan zango, ya faɗi sunan gari da na sarkinsa, ya faɗi kwana nawa ne daga wannan rijiya zuwa waccan. Da ya iso bakin teku sai lissafin ya tsaya. Ɗalibin da ya taso a Gidan Amumune, cikin ƙasar Mayahi, inda ruwan da ya saba da shi bai wuce rijiya da tabkin damina da kwarin gulbin Kaba ba, teku kuwa tana nesa da shi da fiye da kilomita 900, in ya nemi labarin jirgin ruwa mai tafiya da iska, galibi cikin Faransanci ko Ingilishi zai same shi, daga bakin wanda yake riƙe da akalar jirgin. Daga nan sai ya ɗauka cewa mutanen ƙasarsa ba su da abin cewa game da teku.

A cikin wannan takarda za mu duba wani ɗan littafi da aka buga a Detroit ta Amurka a 1854, mai suna Biography of Mahommah G. Baquaqua. Mai labarin ya ƙetare tekun Atlantika, ya yi aiki a jirgin fatauci a gaɓar Birazil, ya ratsa guguwa a hanyar Niyok, ya sauka tsibirin Haiti. Duk da haka, wanda ya karanta shi da ma'aunin littattafan matuƙan jirgi zai ce ba labarin teku ba ne sam. Mu kuwa a ganinmu ma'aunin ne bai dace ba, ko da yake littafin yana da nasa rauni, wanda za mu zo kansa.

2. Mutumin da littafinsa

An haifi Bakwakwa a Jugu, arewacin ƙasar Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Sunansa na tsakiya, Gado, shi ne wanda ake ba yaron da aka haifa bayan tagwaye, wanda wasu wurare ake ce wa Gambo. Ƙidayar da ya kawo a littafin ta Dandanci ce, saboda haka ba za mu yi gaggawar kiransa Bahaushe ba. Abin da ba a musu a kai shi ne a duniyar fataken Hausa ya girma, danginsa na uwa suna da hulɗa da Salga, shi kansa ya koyi ƙirar allura a gidan kawunsa. An yaudare shi da giya aka kama shi, aka gangara da shi ta Dahome zuwa Wida, aka ɗora shi jirgi wajen 1845. A Farnambuko wani mai gidan burodi ya saye shi. Daga baya aka sayar da shi a Riyo ga kyaftin ɗin wani jirgin fatauci mai suna Lembrança. A watan Yunin 1847 jirgin ya isa Niyok da lodin kofi, a can ya tsere. Ya zauna Haiti shekara biyu, ya karɓi addinin Kirista a hannun mishan William Judd a 1848, ya yi karatu a wata kwaleji a McGrawville daga 1850 zuwa 1853.

Littafin ba shi kaɗai ya rubuta shi ba. Wani Bature mai suna Samuel Moore ne ya tsara shi. Kashin farko, mai bayanin Jugu da al'adunta, da bakin Moore aka faɗe shi, ana cewa «shi». Daga lokacin da aka kama shi sai magana ta koma «ni». Robin Law da Paul Lovejoy, waɗanda suka sake fitar da littafin a 2001 tare da wasiƙunsa, sun bi sawun sunayen garuruwan da ya ambata da takardun shari'ar Niyok, suka tabbatar da ƙashin bayan labarin.

3. Ma'aunin da aka saba

Labarin doguwar tafiya a jirgin filafilai wani rukunin adabi ne mai dokokinsa. Joshua Slocum ya kewaye duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, littafinsa ya fito a 1900. Alain Gerbault ya tashi daga Jibiralta a 1923, ya yi kwana 101 kafin ya ga Niyok, ya rubuta Seul à travers l'Atlantique, daga baya ya bi tsibiran tekun Pasifik har ya rufe zagayen duniya a 1929. Bernard Moitessier ya bar Ingila a 1968 cikin gasar kewaya duniya, ya yi watsi da gasar yana tsakiyar teku, ya zarce Tahiti inda ya sauka a watan Yunin 1969. La longue route ta fito a 1971. Duk littattafan nan daga kundin jirgi aka haife su, wato littafin da matuƙi ke cikawa kullum: ranar wata, inda jirgi yake, daga ina iska ke busowa, mil nawa aka ci. Tauraron labari shi ne mai yanke shawara. Guguwa jarrabawa ce gare shi: ya rage filafili ko ya bari, ya fuskanci igiyar ruwa ko ya ba ta baya. Tsibiri kuma lada ne, wurin da ake hangowa bayan makonni na ruwa tsantsa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a ƙetarewar Bakwakwa ta farko. Bai faɗi sunan jirgin ba, bai faɗi ranar tashi ba, bai ambaci iska ba. Kan tsawon tafiyar ma, ya ce ba zai iya faɗi ba, sai dai ta yi masa tsawo ƙwarai.

Mai gaggawa zai ce baƙauye ne da bai iya lura da hanya ba. Littafin kansa ya ƙaryata wannan, domin a kan tudu mutumin yana kawo sunayen garuruwan da aka bi da shi daga Jugu har bakin ruwa, da kogin da aka ƙetare, da hannun da aka sayar da shi gare shi. Haka sauran mutanenmu suke. Francis de Castelnau, jakadan Faransa a Bahiya, ya yi hira da bayi Hausawa a can, ya buga abin da ya samu a 1851. Abin da ya jawo hankalinsa shi ne yadda suke iya zayyana hanyoyin cikin ƙasarsu, gari bayan gari, kwana bayan kwana. Ashe ba iya lissafi ne ya ɓace a bakin teku ba. Abin lissafawa ne aka ɗauke.

4. Daga cikin ramin jirgi

Hanyar da jiragen bayi ke bi daga gaɓar Wida zuwa Birazil sananniya ce ga matuƙa. Jirgi yakan gangara kudu, ya ƙetare yankin ikwaita inda iska ke mutuwa, ya kama iskar da ke kaɗawa daga kudu maso gabas kusan duk shekara, ita ce za ta tura shi yamma. Wannan ilmi yana saman jirgi. Bakwakwa yana ƙasa, cikin rami mai ƙarancin tsayi da ba a iya miƙewa tsaye a ciki. Ya ce sau biyu kacal aka fito da su su yi wanka, sau ɗaya a tsakiyar teku, sau ɗaya gab da sauka. Mutumin da bai ga fitowar rana da faɗuwarta ba, da me zai ƙidaya kwana?

Saboda haka sai labarin ya sami wani ma'auni nasa. A maimakon mil, ruwan sha: kimanin rabin lita a yini. A maimakon iska, wari da amai da zafi. A maimakon tsibiri, gawar da ake jefawa a ruwa. Ko haɗarin teku na farko da ya kawo, tun ba a bar gaɓa ba ya faru: ɗaya daga cikin kwalekwalen da ke kai bayi jirgi ya kife cikin igiyar ruwa da mutum wajen talatin, ɗaya tak ya tsira. Bai tsaya siffanta girman igiyar ba. Adadin mutanen ya faɗa, ya wuce, domin shi ma kwalekwale yake jira.

Kwatanci da Gerbault a nan yana da amfani. Shi ma ya sha ƙishirwa, don yawancin ruwan da ya yi guzuri ya lalace a cikin gangunan katako, har ya koma auna wa kansa ɗan kaɗan a yini. Amma shi ya auna wa kansa, shi ya zaɓi tafiyar, kuma ya san kowace safiya saura nawa. Ƙishirwarsa tana cikin lissafi. Ta Bakwakwa wani ne ke riƙe da moɗa. Wannan bambanci ya shiga har cikin ginin jimla: littafin Gerbault cike yake da «na yi», shafukan Bakwakwa na cikin rami kuwa «aka yi mana» ne. Duk wanda zai fassara su zuwa Hausa ya sami sa'a, don harshenmu yana da «aka» da «an», masu ɓoye mai aiki kamar yadda benen jirgi ya ɓoye shi.

Akwai kuma abin da ya gani ba tare da ya san dalilinsa ba. Ya ce an sauke su, ba a tashar birni ba, a gidan wani manomi da aka mai da kasuwar bayi. Tun 1831 dokar Birazil ta haramta shigo da bayi, ko da yake cinikin bai tsaya ba sai bayan dokar 1850. Saukar ɓoye ce ya siffanta daidai.

5. Daren guguwa

Wurin da littafin ya fi ƙarfi, a ganinmu, shi ne tafiyar Riyo zuwa Niyok, wadda ta ɗauki kusan wata biyu. A lokacin Bakwakwa ya riga ya zama ɗan jirgi. Ya fara da goge tagulla da wuƙaƙen cin abinci, ya hau har ya zama mataimakin mai kula da abinci. Ya je Riyo Girande da jirgin, ya ga yadda ya dafe a ƙasa wajen shiga tasha saboda ruwa ya janye, ya ga an yi musayar kaya da busasshen nama. A waɗannan shafuka sunayen tashoshi sun dawo, kaya sun dawo, har da dalilin da ya sa jirgi ya maƙale. Da aka fito da shi sarari, idonsa na ɗan fatake ya koma aiki.

Sai wani dare iska ta taso, ta kwana tana kaɗawa. Gab da asuba tangaɗin jirgi ya kashe fitilar da ke haska kamfas, wato allurar nan mai nuna arewa wadda mai tuƙi ke dubawa. Aka umarci Bakwakwa ya kunna ta. Ya yi ya yi, iska ta hana. Mai tuƙi da kansa ya ce yana ganin allurar, ba ya bukatar fitila. Amma umarni ya riga ya fita. Sai da aka kira mutum uku, aka kare wurin da bargo, kana fitila ta kama. Bayan haka kyaftin ya rufe shi da duka da sanda, sannan ya sa aka ɗaure shi a jikin igwar jirgi aka yi masa bulala.

A littafin matuƙi, wannan dare zai ci shafuka: wane filafili aka naɗe, yaya jirgi ya karkata, ƙarfe nawa iska ta sassauta. Bakwakwa jimla ɗaya ya ba guguwar, sauran duka na fitila ne da sanda. Wani zai ce ya yi asarar dama. Mu muna ganin ya sa abu a inda yake. Haɗarin da ke kansa a daren nan ba daga ruwa yake ba. Jirgin bai nitse ba, kuma ko mai tuƙi bai tsorata ba. Abin da ya kusa kashe shi mutum ne. Labarin ya auna tsoro daidai da inda tsoron ya fito, kuma da ya ari salon matuƙa ya cika shafi da raƙuman ruwa, da ya yi ƙarya.

Sannan a lura da inda aka tsayar da shi. Kamfas shi ne zuciyar ilmin hanya a jirgi. Ga bawa a gabansa, hannunsa a kan akwatin, aikinsa ya haska shi don wani ya karanta. Ba a taɓa kusantar da shi ga sanin hanya kamar wannan dare ba, kuma a nan ne aka yi masa dukan da ya fi kowane. Ba mu ce Bakwakwa ko Moore sun shirya wannan da gangan ba. Alamu sun nuna abin da ya faru ne kawai aka faɗa. Shi ya sa wurin ya yi nauyi.

Ilmin hanya ɗaya da ya samu a tafiyar nan ba na taswira ba ne. Bayin jirgin sun ji cewa babu bauta a Niyok, wani Ba'ingilishe da ke cikin jirgin kuma ya koya musu kalmar Ingilishi ta farko, mai ma'anar ɗa, wanda ba bawa ba. Da ita ya yi guzuri, ita ya dinga faɗa da ya diro daga jirgi da gudu. Kotun Niyok kuwa ta yanke cewa shi da abokinsa ma'aikatan jirgi ne, don haka a mai da su ga kyaftin bisa yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birazil. Wato ranar da doka ta amince matuƙi ne, don ta mai da shi hannun ubangijinsa ta amince. A watan Agustan 1847 suka ɓace daga kurkuku.

Ba za mu wuce nan ba sai mun ambaci wani abu, ko da a gefe. Slocum ma ya bi wannan hanya. Jirginsa ya fashe a gaɓar kudancin Birazil a 1887, ya sassaƙa wani ƙarami, ya saka shi ruwa ranar 13 ga Mayun 1888, ranar da aka soke bauta a ƙasar, ya raɗa masa suna Liberdade, wato ƴanci, ya tuƙa iyalinsa a ciki har Amurka. Shekara 41 tsakaninsu, teku guda, kalma guda. Shi ya rubuta ta a jikin jirginsa.

6. Inda littafin ya gaza

Ba kowane shiru na littafin ne za mu wanke ba. Daga Boston aka ba shi zaɓi tsakanin Ingila da Haiti, ya zaɓi Haiti don yana zaton yanayinta zai yi kama da na ƙasarsu. Wannan ita ce tafiyar teku ta farko da ya yi bisa son ransa, babu sarƙa, babu ubangiji, zuwa tsibirin da bayi suka ƙwaci kansu suka kafa ƙasa a 1804. A nan ne mai karatu ke jiran ya ji yadda teku take a idon wanda ya sami kansa. Abin da aka ba mu ƴan layuka ne, galibinsu kan wani baƙin mutum mai jin Sifaniyanci da ya dinga wayar masa da kai a hanya. Tsibirin kansa ba a nuna mana shi daga nesa ba, ba duwatsunsa, ba tasharsa. Daga sauka sai yunwa da rashin harshe da kwanan titi, sai mishan Judd ya bayyana.

Wannan shiru daban yake da na ramin jirgi. Na farko jirgi ne ya jawo shi, na biyu kuwa manufar littafin ce. An buga shi ne don masu yaƙi da bauta da masu tallafa wa mishan, mutanen da ke son jin azaba sannan su ji tuba. Tafiyar da babu bulala babu wa'azi ba ta da kasuwa a wurinsu. Hannun Moore ya fi fitowa fili a wuraren da labari ke tsayawa cik a shiga kiran mai karatu da ya ji tausayi, da dogayen jimloli irin na mumbari. Ko a tsakiyar bayanin ramin jirgi an yi haka, kuma a ganinmu ya rage wa wurin ƙarfi, don rabin litar ruwa ba ta bukatar mai yi mata sharhi. Aikin mai nazari shi ne ya rarrabe shirun nan biyu, kada ya yabe su tare, kada ya kushe su tare.

7. Matsayinsa a wurinmu

Ta fuskar harshe littafin ba adabin Hausa ba ne. Amma muna ganin wurinsa a darasi yana kusa da littattafai biyu da muka riga muka sani. Na farko labarin Dorugu, ɗan Dambanas ta wajen Kance, wanda ya bi Barth daga Tarabulus ta Malta da Marsai zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa, Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Shi a jirgi mai hayaƙi ya ƙetare Bahar Rum, yana yaron gidan Bature, ba kaya a rami ba. Na biyu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda guguwar rairayi ta binne ayari a hamada. Can guguwar ce mai kisa, ba ta bambanta bawa da ubangiji. In aka jera ta da daren fitila, ɗalibi zai ga da kansa abin da kowane marubuci ya ɗora wa laifi.

Ga mai son fassara shi, kalmomin ayari suna nan a hannu, kuma mutumin Mayahi ko Tasawa ya gaje su: zango, guzuri, salka, jagaba. Harshen ma ya riga ya kai raƙumi teku, tunda igiyar ruwa muna ce mata raƙumin ruwa ko taguwar ruwa. Waɗannan za su yi aiki a tafiye-tafiyen gaɓar Birazil, inda ake lodi ana saukewa kamar kowane fatauci. Kalma ɗaya ce muke ba da shawarar a guje mata, wato madugu a matsayin kyaftin. Madugu fatake ne ke amince masa, yana da haƙƙin kai kowa gida, in ya ɓatar da ayari sunansa ya ɓaci a kowane zango. Mutumin da ke cikin jirgin Lembrança ya sayi Bakwakwa da kuɗinsa ne. A bar shi da kyaftin, ko a ce ubangijinsa a inda maganar ta shafi bawan.